Jakar da Ta Fi Ƙarfin Manja

Har yau ban manta da ranar da na buɗe shagona na tarar ruwa ya riga ni shiga ba. Buhun gishiri talatin da biyu, na sukari goma sha takwas, na fulawa tara, ban da katan-katan na ashana da sabulu da ban tsaya ƙirgawa ba. Gishiri da sukari ba sa jiran a kawo musu ɗauki. Buhu yana nan a jingine, ka ɗaga ka ji ba kowa a ciki. Na jure wannan, domin ina da ɗan abin da zan sake tashi da shi. Amma na san idan damina mai zuwa ta maimaita, shagon ne zai tafi, shagon da na gina da bulo bayan shekarun da na yi ina tura baro a kasuwar Zuru. Ba dilan da ke zuba gishiri a ruwa sau biyu ya ci gaba da amsa sunan dila.

Ku da kuka shigo sana'ar a bayanmu, sai na ɗan fayyace muku yadda wurin yake a lokacin. Tsakiyar shekarun dubu biyu ne, sa'ad da ruwan leda ya fara korar randa daga rumfuna. Shagona yana layin gangare. Duk ruwan da ya sauko daga tudu ta kwalbatin da ke bayan layinmu yake bi, kuma shekara da shekaru yana wucewa lafiya. Sai leda ta yi yawa. Ko allura mutum ya saya sai an ba shi baƙar leda. Ya sha ruwa ya saki ledar a gindin ƙafarsa, iska ta tara, ruwan sama ya kwasa ya cusa a bakin kwalbati. Mukan sa a yashe, ruwa biyu ya sake toshewa. Ni ma dami-dami nake sayenta ina rabawa, domin wanda ka hana leda ba ya dawowa.

Muna da ƙungiyar 'yan kasuwa. Ciyaman ne a sama, sai sakatare da ma'aji, sannan kowane layi yana da shugabansa wanda ke kai kukan layin wurin taro. Ni ne shugaban layin gangare. Ciyaman ɗinmu a lokacin Alhaji Ummaru ne mai yadi, wanda shagonsa ke kan tudu, inda ruwa ke gaishe shi ya wuce. Na kai kuka. Sakatare ya karanta mini jaje, aka yi addu'a, aka tashi.

Bayan kaka sai ga Rahila. 'Yar wani tsohon soja ce, Saja Bawa mutumin Manga, wanda matarsa ta daɗe tana sarin kaya a wurina. Ta yi karatun tsara kayan amfani a Zariya, kuma wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauke ta aikin nemo abin da zai rage leda a kasuwarmu. Sharaɗin masu aiko ta shi ne, in an samo abin, kuɗin yin sa da yawa ta hannun ƙungiyar 'yan kasuwa za su bi, wai don abin ya zama na jama'a.

Ta zo shagona ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce aron benci take so.

Na ce, "Benci kuma? Mi za ki saida?"

"Ba komai, Baba. Kallo zan yi."

"Ɗiyata, duk fanshon da Saja ya zuba a Zariya, kallo aka koya miki? Ai da nan ya kawo ki da na koya miki kyauta."

Ta yi dariya ta ce to ai ga shi ya kawo ta.

Ta yi mini bayanin yadda suke aiki. Ba da zana abu ake farawa ba, da mutum ake farawa. A kalli yadda yake yi, a bi shi har gida in ya yarda, a tambaye shi. Sannan a haɗa wani abu na wucin gadi mai arha, a ba mutane kaɗan, a duba abin da suka yi da shi, ba abin da suka faɗa ba. In ya faɗi a gyara a sake. Da farko na raina abin. Daga baya na ga ai haka nake yi da sabon sabulu. Katan ɗaya nake karɓa in ajiye a gaba, in ga irin hannun da zai ɗauka, kafin in ce a loda mini mota. Bambancinmu da ita takardar shaida ce kawai.

Gwajinta na farko jakar raga ce, saƙar igiya, mai ƙarfi, mara nauyi. Ta raba wa wasu daga cikin matan da ke sayayya a layinmu. Kowacce ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta yi kyau, Allah ya sa albarka. Kasuwa ta zagayo, ba wadda ta zo da ita. Mama Saratu ce kawai ta faɗi gaskiya, wata mai tuyar ƙosai da mijinta ya rasu a aikin soja, wadda ba ta san kara ba.

Ta ce, "Rahila ɗiyar Saja, ke kin taɓa sayen rabin kwanon gari ki ratsa unguwarmu da shi?"

"A'a, Mama."

"To ni kullum. Cikin baƙar leda ba mai sanin nama ne ko gari. Wagga ragar taki kuwa, tun daga bakin tasha za a fara yi mini lissafin tukunya. Ranar da na samu na sayi kifi, kafin in kai gida maƙwabta sun aiko da kwano."

Na zaci Rahila za ta ji haushi. Sai ta ce wannan maganar ta fi ragar daraja. Ashe ba ɗaukar kaya kawai leda ke yi ba, rufin asiri take yi. Shi ya sa baƙa ta fi fara tafiya, abin da kowane mai shago ya sani a hannunsa amma bai taɓa faɗa da baki ba.

Gwaji na biyu da buhunana na sukari aka yi, waɗanda aka juye. Wani tela mai suna Ango ya yanka ya ɗinka. Wannan ta rufe asiri, amma fara ce, ɗigon mai ɗaya ya isa ya tona ta, kuma maza suka ƙi ta, suka ce kamar mutum za shi niƙa. A nan Rahila ta gano wani abu daga kan bencinta. Yawancin maza ba sa fitowa daga gida da niyyar cefane. Daga gona ko ofis ko masallaci suke ratsowa, hannu sake. Jakar da aka bari a gida kuwa ba ta hana leda.

Maganin wannan ni na kawo shi, kuma ba zan yi kara in ce wani ne ba. Na ce a yi mata irin tsarin kwalbar lemo. Jaka ta zauna a shago. Ka sayi kaya a zuba maka, ka ajiye ɗan abin jingina sau ɗaya. Ka dawo da ita a ba ka wata, ka manta ta a gida matarka ta kawo. Rahila ta sa aka rina buhunan suka yi duhu, tsakanin baƙi da toka, aka sa igiya a baki, aka rage girman har ta iya naɗuwa ta shiga aljihu.

Muninta ba a magana. Kamar an yanko ta daga wandon makaniki. Amma munin shi ne ƙarfinta. Ba mai sace ta, ba mai tausayinta. Manja ya zuba ba ya nunawa, kifi ya yi wari a wanke a shanya. Shagunan layinmu suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. A ranin nan damin ledar da kan ƙare mini kafin kasuwa ta zagayo ya riƙa zama har in manta yaushe na kwance shi. Na fara sa rai. Na lissafa cewa in sauran layuka suka bi kafin ruwa ya sauka, musamman na tudu da ke turo mana shararsu, kwalbati zai sha iska.

Sai ranar taro ta zo, wadda za a amince a saki kuɗin ɗinka ta da yawa. Muka hallara a ofishin ƙungiya, shugabannin layi a kan kujerun roba, Ciyaman a bayan tebur. Rahila ta yi bayani tun daga raga har zuwa baƙar jaka, ta ajiye ta a gabansa. Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

Ya ce, "Malama Rahila, wanga shi ne abin da aka cinye rani ana yi?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Layin gangare sun karɓe shi."

"Layin gangare ai komi ya zo karɓa suke, har ruwa."

Aka kwashe da dariya. Har da waɗanda nake ba kaya su sayar su kawo.

Ciyaman ya ci gaba. "Yanzu ni zan gayyato manyan baƙi, a kafa rumfa, a kira masu hoto, in miƙa musu tsumman goge mota? A garin da ya haifi manyan sojoji? A ce abin da 'yan kasuwar Zuru suka iya ke nan?"

Daga nan ya fito da nasa tsarin. Shuɗin yadi mai sheƙi, zif a baki, aljihu a gefe, maratayi na kafaɗa, da sunan ƙungiya a ɗinke da zare ruwan gwal. Kuma Allah da ikonsa, irin wannan yadin yana jibge a shagonsa tun bara ba a taya ba.

Rahila ba ta yi musu da kyan jakar ba. Roƙo ɗaya ta yi, a ɗinka kaɗan a ba mutane a ga abin da za su yi da ita kafin a zuba duka kuɗin.

Ya ce, "Gwaji kuma? Ai kin gama gwajinki, ɗiyata. Mu muka san mutanenmu."

Na ɗaga hannu. Na ce, "Ciyaman, jakar cefane jaki ce. Wa ka taɓa gani ya ɗaura wa jakin ɗaukar taki sirdi?"

Ya dubi jama'a ya ce, "Kun ji Alhaji Sani. Buhunansa yake son saidawa."

"Ina so ƙwarai. Kai ma yadinka kake son saidawa. Bambancin, nawa an gwada."

Sai ma'aji ya sanar cewa kowane shugaban layi zai samu shuɗiyar jaka biyar na iyalinsa, tun kafin a raba wa kowa. Aka ce a ɗaga hannu. Mu biyu ne ba mu ɗaga ba, ni da shugabar mata masu manja, wadda ta san abin da kayanta ke yi wa yadi. Sakatare ya sanar cewa taro ya amince baki ɗaya.

Rahila ta kai ƙara wurin masu aiko ta. Suka ce tunda jama'a sun zaɓa, dole a girmama zaɓin jama'a. Mutanen ofis ke nan. Da sun ji kalmar jama'a sai jikinsu ya yi sanyi, ba su san jama'ar 'yan tsirarun mutane ne a kan kujerun roba kowa yana tunanin matarsa ba. Ciyaman ya ƙara da umarni cewa a janye baƙaƙen jakunkuna kada su ɓata sunan shiri. Maƙwabtana suka bi. Ni na ƙi, na ci gaba da nawa, amma shago ɗaya ba ya tare sharar kasuwa.

An yi bikin ƙaddamarwa gab da saukar ruwan farko. Rumfuna, kujeru, lasifika. Aka yi jawabai a kan sharrin leda, kowane mai magana ya fi na gabansa zafi. Sannan aka shigo da jakunkunan. Kowace ɗaya a naɗe take cikin farar leda, don kada ƙura ta taɓa ta. Aka raba wa baƙi abinci a baƙar leda. Zafi ake yi, saboda haka aka yi ta jefa ruwan leda layi-layi, kuma da aka watse filin ya yi fari fat kamar gonar auduga. Rahila tana gefena.

Na ce, "Ɗiyata, yau mi kika gani?"

Ta ce, "Na ga kasuwar masu leda ta buɗe, Baba."

Lahadin da ta biyo baya ina tsaye bakin hanya sai ga mata za su coci, kowacce da shuɗiyar jaka a kafaɗa, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a ciki. Da yamma 'yan Islamiyya suka wuce da irinta, cike da littattafai. Kafin wata ya cika ta shiga kayan ɗakin amare. Mutanen Danko da Kanya suka riƙa zuwa ranar kasuwa suna tambayar inda ake sayar da ita. Ciyaman yana zagaya layuka yana cewa, "Kun ga karɓuwa? Ina masu gwaji?" Gaskiyarsa, ta karɓu. Wuri ɗaya ne kawai ba ta taɓa zuwa aiki ba, shi ne kasuwa.

Wata rana Mama Saratu ta zo da tata a rataye. Ta auni gishiri, ta sayi manja a maƙwabta, ta miƙo hannu ta ce in ba ta leda.

Na ce, "Mama Saratu, ga jaka a kafaɗarki."

"Wagga? Alhaji, ka ji tsoron Allah. In sa manja cikin jakar da nake zuwa sujada da ita?"

"To ga baƙar, ɗauki."

"An ce an hana ta. Ni ba ni son rigima da ƙungiya, su ke ba ni wurin kasko. Ba ni leda, ka ƙara mini ɗaya in ninka, kar ya ɗiga ya taɓa ta."

Na ba ta biyu. Ban ga laifinta ba, kuma har yau ban gani ba. Macen da ba a taɓa ba ta jaka mai zif kyauta ba, ka ba ta, sannan ka ce ta zuba daddawa a ciki? Ita tana da hankali. Waɗanda suka ɗinka ne ya kamata a tambaya. Wanda a da yake karɓar leda ɗaya ya koma karɓar biyu, ɗaya ta kaya, ɗaya ta kare jaka.

Ban zauna jiran tsammani ba. Na ɗaga dokin ƙofa, na ɗora kaya a kan katako, na biya aka yashe kwalbati daga aljihuna. Ruwan farko ya wuce, na biyu ya wuce. Cikin tsakiyar damina aka yi wani ruwa da rana tsaka, kasuwa na ci. Ina tsaye ina kallon abin da ke gangarowa daga tudu, baƙi da fari, kamar an buɗe masa ƙofa. Kwalbati ya shaƙe. Ruwa ya juyo ya haye dokin ƙofar da na ɗaga kamar ba a yi ba. Muka kwashe abin da hannu ya iya kwasa. Kaya ba su salwanta kamar na bara ba, amma bangon baya ya jiƙe ya tsage daga sama har ƙasa, ya zauna. Na dube shi na san na gama da layin gangare.

Washegari Ciyaman ya zo jaje da tawagarsa. Ya tsaya nesa da laka, ya tattare babbar riga, ya ce, "Alhaji Sani, sai haƙuri. Ƙaddara ce."

Na ce, "Ƙaddara ce, Ciyaman. Ai ina wurin ranar da aka ɗaga mata hannu."

Ya juya da tawagarsa suka tafi.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, ku da za ku riƙe sana'ar bayanmu, bai da yawa. Ɗan kasuwa a bakin shagonsa ba wanda ya fi shi sanin mai saye. Yana karanta aljihun mutum daga takunsa. Amma ku ɗora shi a kujerar kwamiti, ku ce masa za a zo da mai hoto, nan take zai manta duk abin da ya sani. Alhaji Ummaru ba wawa ba ne. A shagonsa ba zai taɓa sarin yadi dila guda bai ga an taya turmi ɗaya ba. Kuɗin da ba nasa ba ne suka ba shi ƙarfin zuciyar cewa ya san mutanensa. Kuma kada ku yi oda a kan abin da mutane suka yaba. Mutanenmu suna da kara, ko dutse ka ba su za su sa albarka. Ku yi oda a kan abin da suka yi amfani da shi har ya yage suka dawo neman wani.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Rahila ta samu aiki a Kaduna ta tafi, masu aiko ta kuma suka rufe shirin a matsayin nasara, da hotunan mata riƙe da shuɗiyar jaka. Ciyaman ya rabu da yadin da ya kwanta masa, aka sake zaɓensa. Ni na koma wani ɗan shagon haya a bayan tasha, inda kuka same ni. Tsofaffin masu sayen da ba sa iya doguwar tafiya na rasa su, ba su dawo ba. Abin da na tsira da shi baƙar jaka ce. A shagona ba mai ba ni umarni, Ango yana ɗinka mini ita, masu sayen kayana suna musayarta, kuma leda kaɗan nake saye. Wannan riba ce, amma ba ta kai shago ba.

Shagon kuwa na sayar da shi a farashin da ba na son tunawa. Surukin Ciyaman ne ya saya. Ya toshe tsagar bangon da siminti, ya cika ɗakin da kaya har rufi. Leda yake sayarwa, sari. Ruwa yana shiga masa duk damina kamar yadda yake shiga mini. In ruwan ya janye sai ya fito da kayan ya baza a rana, su bushe, ya sayar.